Itacen Madafar Kumudini

Ranar da Nilambar ya fara zama gaban Pandit Umakant, malamin ilimin kafa hujja a wani ƙauye na bayan garin Madhubani, darasin farko aka biya masa: duk inda hayaƙi yake, akwai wuta, kamar a madafa. Ya waiwaya ya dubi madafar, sai ga Kumudini, 'yar malamin, ta fito tana tari, ɗanyen itace ya sa idanunta sun yi jawur. Shi ke nan, gogan naku ya faɗa tarkon so.

Sai dai kash, Nilambar ba shi da baki. Shekara biyu yana gidan, in ya gan ta sai in'ina. Ratnesh kuwa, babban ɗalibi, akwai zaƙin harshe, har waƙoƙi yake tsara mata.

Wata rana ta turo wa Nilambar saƙo a waya: "Sarkin shiru, wai ba ka da abin faɗa min ne?"

Ya rubuta ya goge, ya rubuta ya goge. Daga ƙarshe ya tura: "Kin ci abinci?"

"Na gane," in ji ta. "Babu hayaƙi, babu wuta."

Da iyayen samarin biyu suka nemi aurenta, Pandit ya ce a yi yadda kakanni suka yi: a soka allura cikin littafi, shafin da ta tsaya a kai, kowanne ya warware shi, wanda ya fi shi ke da mata. Ratnesh ya yi ta zuba kamar ruwan sama. Nilambar ya san shafin sarai, amma harshe ya ƙi.

"Shekara biyu ban ga ko ɗan hayaƙi daga gare ka ba," in ji Pandit, "na ilimi ko na so. Koma gida."

Da yamma ya tura mata: "Kumu, kin juya ƙa'idar. Ƙarfen maƙera jawur yake, kuma ba ya hayaƙi." Amsa ba ta zo ba. Ya haɗa kayansa zuciya a dagule, ya san ya rasa ta.

Da safe ya durƙusa zai taɓa ƙafar malamin ya yi sallama, sai ya ji muryarta daga ƙofar madafa.

"Babuji," ta ce da mahaifinta, "duk inda wuta take akwai hayaƙi?"

"Haba, wannan ai kuskuren 'yan koyo ne. Hayaƙi sai da ɗanyen itace."

"To jiya fa, da me ka kori mutum?"

Pandit ya gyara zama. "Rashin hayaƙi bai hana wuta ba, gaskiya ne. Amma bai tabbatar da ita ba. Ina hujjarki?"

"Yaushe rabonka da ganin hayaƙi a madafar nan?"

Tsohon ya waiwaya ya dubi madafar.

"Shekara biyu, Babuji, kuma kullum kana cin shinkafarka da zafinta. Wa ke faskara min itace yana shanyawa, in ba Nilambar ba? Da damina a ɗakinsa yake jera shi, shi ya kwana a takure. Na ɗauka ladabin ɗalibi ne, sai jiya na gane."

"Miƙo hannunka," Pandit ya ce da Nilambar.

Ya miƙa. Tafin duk kanta ne da tabon gatari. Malamin ya daɗe yana riƙe da hannun.

"Shekara arba'in ina koyar da darasin hayaƙin nan," ya ce a hankali, "yau 'yata ta kayar da ni a kansa. Mayar da jakarka ɗaki."

Bayan girbi aka yi bikin. Suka kewaya wutar aure bisa al'adarsu, Pandit ya ɗora hannu a kansu ya ce, "Ku tsufa tare, wutar gidanku kada ta mutu."

Itacen wutar ma ango ne ya shanya shi da kansa. Ko kaɗan ba ta yi hayaƙi ba, don haka da Kumudini ta yi ta share ido, ta rasa abin da za ta ɗora wa laifi.