Yatsan Bogna a Kuncin Mala'ika

"Matsa in wuce, Kornelia!"

"Zuwa ina? Ai Miron ya ce ba mai shiga ɗakin nan sai wadda ake zanawa."

Bogna ta tsaya cak da bokiti a hannu, ruwan sabulu na ɗiga a takalminta.

"Wadda ake zanawa?"

Kornelia ta jawo dogon kitsonta mai ruwan zinariya ta kwantar a kafaɗa, tana wani yauƙi.

"Au, bai gaya miki ba? Ayya... ki tambayi Mama Stefania."

Duk ƙauyen Lipowa ya san zancen. Ƙanƙara ce ta farfasa tagar tsohuwar majami'arsu shekarun baya, sai bana mutane suka tashi aikin gayya. Maza na kan rufi, mata na kankare bango, Bogna kuwa ita ke wanke guntayen tsohon gilashi har yatsunta suka tsattsage. Saurayinta Miron, mai zanen gilashi, ya baro aikinsa na birni ya zo yana yi kyauta. Ya harhaɗa mala'ikan tagar tsaf, fuskar ce kawai ta ɓata. Abin da ya rage a kan mala'ikan shi ne kitso mai ruwan zinariya, sak irin na Kornelia. Bogna kuma gashinta baƙi ne, gajere.

Ga Mama Stefania, mahaifiyar Miron, da ba ta ɓoye zaɓinta. Kullum sai ta cika kwano da pierogi mai zafi, wato dafaffen ƙullun fulawa mai haɗi a ciki, ta danƙa wa Kornelia.

"Kai wa ɗana, 'yata. Babanki ya ba coci katako, ke kuma ki ba shi fuska."

Bogna na jin su. Ita kam kishinta ba ya ɓoyuwa, ko kyanwa Miron ya shafa sai ta yini ba ta yi masa magana ba.

Da ya fito shan iska ta tare shi a gindin tsani.

"Fuskar wa kake zanawa?"

Ya kira ta da sunan shagwaɓa: "Bogusia, masoyiyata, kin san al'ada. Ba a ganin fuska sai Fada ya sa wa taga albarka ranar Lahadi."

"Amma ita tana gani!"

"Abinci take kawowa."

"Abinci! Har ƙarfe nawa ake cin abincin?"

Ya yi dariya, ya lakace mata hanci. Wallahi gara ya zage ta da dariyar nan.

Ranar Alhamis da hantsi aka kira maza su kama ɗaga katako. Miron ya fita bai kulle ɗakin ba. Bogna ta duba hagu da dama, ta faɗa ciki.

Ga gilashin fuskar nan kwance kan baƙin tebur, an jera shi da tsohon kitson. Fentin bai shiga wutar da za ta gasa shi ya kama gilashin ba tukuna, ya yi duhu kamar laka, ba ta iya gane ido balle hanci. Kitson nan kaɗai ke ƙyalli. Zuciyarta ta shiga tafarfasa. Wato ita za ta durƙusa duk Lahadi ƙarƙashin fuskar Kornelia? A nan za a ɗaura mata aure, Kornelia na kallonta daga sama? 'Ya'yanta ma su taso suna cewa ga mala'ika?

Ta sa babban yatsa a kuncin, ta ja ƙasa da ƙarfi. Fentin ya biyo yatsan kamar toka.

"Bogna!"

Yana tsaye bakin ƙofa. Bai yi tsawa ba, kuma shi ne abin da ya fi tsorata ta. Ya tako a hankali, ya ɗauki gilashin da hannu biyu, ya ɗaga shi saitin rana.

Haske ya ratsa, fuska ta fito.

Ga siririyar haɓa. Ga ɗan tabon nan a girar hagu, wanda ta samu tana yarinya da ta faɗo daga bishiyar tuffa. Har yadda take turo baki in ta yi fushi.

Ta dubi fentin da ke yatsanta.

"Ni ce..."

"Ke ce. Amsar da na tanadar wa Mama ke nan, a gaban duk gari."

"Miron, ka yafe mini! Kornelia ce ta ce..."

"Kornelia ta faɗa, kin yarda. Ni kuma fa? Me na taɓa yi miki, Bogna?"

Bai ce Bogusia ba. Ta lura.

"Ka gyara... don Allah ka gyara!"

"Yau zai shiga wuta. Fita, ina da aiki."

Ta fita tana kuka, ta wuce Kornelia da ke riƙe da kwano tana leƙe.

Juma'a bai kira ba. Asabar ma shiru. Ta zare zoben alkawari ta mayar, ta zare ta mayar. Abin haushi, ko a cikin nadamar kishin bai bar ta ba. Da ta rufe ido sai ta gan shi yana goge fuskarta, yana zaunar da Kornelia a gabansa.

Ranar Lahadi ta so ta ƙi zuwa, kakarta ta fizge mata bargo.

"Tashi, ja'ira! Ke kika wanke gilashin nan, ke za ki ɓuya?"

Ta raɓe a bencin ƙarshe, kanta a ƙasa. Kornelia na sahun gaba kusa da Mama Stefania, an sha kitso har da furanni. Fada ya yi addu'a, ya yayyafa ruwa, aka janye farin ƙyallen.

Majami'a ta yi tsit. Sai kawuna suka fara juyowa baya, ɗaya bayan ɗaya.

Bogna ta ɗaga ido.

Fuskarta ce. Bai canza ta ba, bai kuma gyara ba. Shatin yatsanta na nan daga kunci zuwa haɓa, wuta ta gasa shi ya zauna daram, kuma ta nan rana ta fi shigowa.

"Ku duba," in ji wata tsohuwa, "mala'ikan hawaye yake yi!"

Kornelia ta suri jakarta ta fice ta ƙofar gefe. Mama Stefania ta daɗe tana kallon tagar, ta waiwayo ta kalli Bogna, sannan ta sauke numfashi ta ɗauke rigar sanyinta daga wurin da Kornelia ta tashi.

"Zo nan ki zauna, 'yar nan. Tunda an riga an gasa ki, ni wa ce ce?"

Bogna ta taho ta zauna. Miron ya matso ya zauna gefenta, yana kallon gaba.

"Me ya sa ba ka goge ba?" ta raɗa.

"Na zana ki, na ga kamar da saura. Da kika sa yatsa sai kamar ta cika."

"Miron! Kowa zai gani..."

"Har jikokinmu. In sun tambaya, ke za ki yi bayani."

Ta yi dariya, hawaye na zuba. Ya kamo hannunta, ya riƙe babban yatsan nan gam.

"Bogusia, zumata... in kishin ya sake motsawa, ki ɗaga kai ki duba tukuna."

Ta kwantar da kai a kafaɗarsa. Can ta ɗago, ta turo baki.

"Amma dai kitson nata ne."

"Bogna!"