Gungume a Ƙasan Gangare

"Ku jawo shi nan! Nan, bakin kwana!"

Ja'afaru ne ke ba da umarni, bindiga a kafaɗa, rawani ya rufe masa rabin fuska. Mutum biyu suka kinkimo gungumen ƙirya suka gindaya a tsakiyar titi. Sufyanu ya dubi gungumen, ya dubi gangaren dutsen da ya miƙo daga wajen Maradun.

Ba haka aka shirya ba. A hawa suka saba tare mota, inda gingimari ke nishi tana rarrafe, ko tsawa ka daka mata sai ta tsaya. To yau 'yan sanda sun kafa motar sintiri a gindin hawan, shi ne Ja'afaru ya dawo da aikin ƙasan gangare. Mutumin da bai taɓa tuƙa abin da ya fi babur ba, a wurinsa titi duk titi ne.

"Oga, mota mai lodi ba ta tsayawa nan," in ji Sufyanu. "Na yi tuƙi, na sani. Kahin ta kawo wurin ga burki ya ɗau zahi."

"Direba in ya ga bakin bindiga, burki na samuwa."

"Yayana na ciki hwa! Kai kac ce ba a taɓa shi."

"Wa za ya taɓa shi? Kai kak kawo aikin, yanzu kuma jikinka yay yi sanyi? Koma wurinka!"

Ja'afaru bai yi ƙarya ba. Direban motar, Mukhtar, wan Sufyanu ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma duk Talata shi ke kwasar 'yan kasuwa zuwa Talata Mafara. Sufyanu ne ya sayar da labarin, da sharaɗin a kwashe na fasinja a bar masa ɗan'uwansa lafiya.

A can saman dutse motar ta kawo kai. An danƙara mata buhunan masara har sun haye bodi, aka ɗora albasa, aka ɗaure awaki, sannan mutane suka hau can ƙololuwa suka zauna. Tun a tasha Mukhtar ya ce kayan sun yi yawa, mai mota ya ce haka kowa ke yi, Allah ke tsarewa.

Mukhtar ya taka burki, ta ɗan saurara. Ya sake takawa, ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Ba komai!

"Mukhtar, wanga ƙauri hwa?" in ji Hajiya Taiba mai albasa, da ke zaune a gaba.

Ya kai wa giya cafka, ta yi ƙara ta ƙi shiga.

"Hajiya, ki yi salati."

Ya danne oda bai ɗaga hannu ba.

A ƙasa Sufyanu ya ji ta. Ba odar gaisuwa ba ce, irin wadda direba ke yi ce idan mota ta ƙwace masa. Ya ƙwala ihu.

"Ba burki! Wallahi ba burki! Ku kau da iccen!"

Ba wanda ya motsa. Imrana, ɗaya daga cikinsu, ma ƙara gyara tsayuwa ya yi a gefen titi, ya ɗaga bindiga yana ji da kansa. Sufyanu ya yar da tasa, ya ruga ya rungumi kan gungumen. Ya ja. Ya sake ja, fatar hannunsa na saluɓewa. Gungume ya gusa — hanya ta buɗe daidai faɗin mota.

"Munahuki! Mai da shi!"

Tau!

Ja'afaru ne ya harba. Cinyar Sufyanu ta karye, ya zube a cikin hanyar da ya buɗe, rawaninsa ya warware. Ya yi yunƙurin jan jiki, ƙafar ta ƙi.

Sai ga motar, tana tangaɗi, mata na kururuwa a sama. Ya ɗaga kai. Ta gilashi suka haɗa ido da Mukhtar.

"Tako ni! Yaya, wuce!"

Mukhtar ya murɗe sitiyari.

Kayan sama suka rinjayi motar. Tayoyin gefe ɗaya suka bar ƙasa, ta kifa, ta ja ciki a kwalta har cikin rami. Buhuna, awaki, mutane, duk a warwatse. Imrana ko ihu bai samu yi ba, masara ta binne shi.

Ja'afaru bai tsaya duba kowa ba. Da jin jiniya daga saman dutse ya haye babur, sauran suka bi shi cikin daji.

Kafin azahar an jera gawa bakwai a gindin marke, an rufe su da buhunan da aka farka. Hajiya Taiba na ciki, da wata mai goyo da jaririnta. An zaro Mukhtar da rai, ƙirjinsa ya bugi sitiyari, numfashi da ƙyar. Wani sufeto ya tsugunna kusa da shi.

"Direba, ga hanya a buɗe. Me ya sa ka kauce?"

"Ƙanena nig gani kwance. Ya rayu?"

"Wanne ne ƙanen naka?"

Mukhtar ya juya kai yana nema. Ya hango shi jingine da tayar motar sintiri, cinya ɗaure da rawani, ya saki ajiyar zuciya.

"Alhamdu lillahi. Sufyanu, mi yak kawo ka wurin ga?"

Sufyanu ya yi ƙoƙarin ɓoye hannuwansa. A lokacin ne idon Mukhtar ya sauka kan ankwar da ke hannunsa. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya juya ya dubi gindin marke.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa sufeton a hankali, "mutum nawa nik kashe don shi?"