Muryar Cikin Randa

A wani ƙauye kusa da Bukkuyum akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Ita ce auta a gidansu. Tana da yaya mai suna Safara'u, wadda ta tafi ƙasar Sudan karatun likita. Tun shekarar da gubar darma ta kashe yara a ƙauyukan nan Safara'u ta ɗauki wannan niyya, domin har da ƙanenta a cikin waɗanda suka rasu.

Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Safara'u takan kira wayar Inna. Kowa sai ya sa mata albarka, ban da auta. Ita kuka take yi.

"Yaya, yaushe za ki taho? Ba mai yi mini kitso. Inna ma duk ta rame."

Inna ba ta rame ba. Ƙarya ce.

Wata rana a bakin rijiya, yarinyar ta ji wata mata tana ba da labarin kiranye. Wai in aka kira sunan matafiyi a cikin randa, ko a bangon duniya yake sai ya bar abin da yake yi ya dawo. Yaron kirki in ya ji irin wannan zance wucewa yake yi. Ita kuwa ta riƙe shi.

A bayan ɗakin kakarsu, Kaka Atine, akwai tsohuwar randa da aka daina zuba wa ruwa. Da rana tsaka, lokacin da kowa ya shige inuwa, ko kaza ba ta motsi, yarinyar ta je ta tura kanta ciki. Duhu, sanyi, ga warin tsohuwar ƙasa. Ba ta taɓa kama sunan yayarta ba, amma ranar ta kama.

"Safara'u!"

Randa ta maido mata da sunan cikin wata murya mai kauri, ba irin tata ba. Tsikar jikinta ta tashi. Duk da haka washegari ta koma. Kwana shida tana yi.

Ranar Juma'a waya ta yi ƙara. Muryar Safara'u can ƙasa, kamar ta marar lafiya.

"Inna, ni dai zan taho gida."

"Ki taho? Ba sati mai zuwa za ku fara jarrabawa ba?"

"Na kasa karatu. In na buɗe littafi sai in ji kamar ana kirana. In na waiwaya, ba kowa. Jiya a aji har amsawa na yi."

"To in kin taho fa?"

"Shekarar ta tafi ke nan. Wataƙila ma a ba wani gurbina."

Inna ta yi salati. Yarinyar ta sulale ta bar wurin. Ranar ko tuwo ba ta taɓa ba.

Washegari da rana tsaka ta lallaɓa bayan ɗaki don ta warware abin da ta ƙulla. Ta tura kai cikin randa.

"Safara'u, kar ki..."

"Na'am."

A hankali aka amsa, dab da kunnenta. Ta fizge kanta, ta faɗi zaune, ta kasa ko ihu.

Zana ta motsa. Kaka Atine ta fito tana dogara sanda.

"Ni na amsa. Mi kike nema cikin randata? Har sunan yayarki kike kamawa gatsal?"

Yarinyar ta fashe da kuka, ta faɗi komai.

"Kaka, ni na jawo ta. Ni na ɓata mata karatu."

"Tashi tsaye," in ji Kaka. "Randa yumɓu ce. A kasuwar Gummi na saye ta tun ubanki bai yi haƙori ba. Ba ta kiran kowa, ba ta korar kowa. Wannan aikin jahilci ne, ki nemi gafarar Allah. Amma kira kam kin kira ta, da bakinki, duk Juma'a ina jinki. Mutum yana ƙasar wasu, ba uwa ba uba, abinci ba nasa ba, harshe ba nasa ba, ki ce masa uwarsa ta rame? Wa zai iya karatu da wannan a ransa?"

Kaka ta tasa ta gaba har wurin Inna. Aka kira Sudan, aka miƙa wa yarinyar waya.

"Yaya, ƙarya na yi miki. Inna ba ta rame ba. So nake ki dawo."



"Auta, ki rantse lafiyarta lau?"

"Lau. Jiya malmala biyu ta ci."

"Ke, ubanki!" in ji Inna.

Safara'u ta yi dariya har da hawaye. Ta ce wata biyu ke nan da wannan magana ke cin ta.

"Ki zauna, Yaya. Ki gama. Zan jira."

Safara'u ta zauna, ta rubuta jarrabawa, ta ci. Da dogon hutu ta zo gida da sakamakonta a hannu, auta ce ta karanta wa Kaka shi da ƙarfi.

Ku ji da kyau, yara. In naku ya tafi neman ilimi, ku raka shi da addu'a da gaskiya. Kada ku bi shi da ƙarya, kada ku bi shi da camfi. Wanda yake son ka don Allah ba ya tare maka hanya.