Kitse a Jinin Mardiyya

"Ƙara mata! Wagga yarinya iska na iya ɗaukar ta!"

Mardiyya ta bi ludayin da kallo. Man shanu ne narkakke, yana kwarara bisa tuwonta har miyar kuka ta ɓace a ƙarƙashinsa.

Inna, mahaifiyar saurayinta Umaru, ita ke ba da umarni. Tun daga rugarsu ta kusa da Dumega ta taso da ƙwaryar man, ta kawo har gidan su Mardiyya a Dogon Dutsi, don amarya ta yi jiki kafin biki. Mai zubawa kuwa Ajuma ce, ɗiyar kawun Umaru, wadda dangi suka so ya aura ya ce shi ƙanwa ya ɗauke ta.

"Bisimilla, ɗiyata," in ji Inna.

Mardiyya ta kai hannu... ta janye.

"Inna, ki gafarce ni. Na ƙoshi."

Mama, mahaifiyar Mardiyya, ta zuba mata ido irin na gargaɗi.

"Kin ƙoshi?" Inna ta maimaita. "Man da na kaɗa da hannuna?"

"Ƴan birni ke nan, Inna," Ajuma ta ce tana murmushi. "Wataƙila wari ta ji. Ina ɗakinki, amarya? In yi salla."

Mardiyya ta nuna mata. Sam ta manta da ɗan kwalin da ke bisa teburinta.

* * *

Abin ya faro ne daga wani ɗan tabo.

Mardiyya malamar makarantar firamare ce, kuma tun tana ƙarama an san ta da tambaya. Da ta ga wani abu rawaya-rawaya ya fito mata a fatar ido, ba ƙaiƙayi ba zafi, sai ya hana ta sakat. Ta shafa kwalli, yana nan. Ta goge da lemun tsami, yana nan.

Ta kai wa Félicité, ƙawarta tun benci ɗaya a lakkol, wato makarantar boko, wadda yanzu likita ce.

Félicité ta daɗe tana dubawa, sannan ta yi tambayar da ba ta zata ba.

"Babanku, me ya kashe shi?"

"Kin sani ai. A gona ya faɗi, ya dafe ƙirji. Mutane sun ce doguwa ce ta buge shi ƙarƙashin tsamiya."

"Yana da ƙiba?"

"Baba? Kamar ni yake, siriri."

"Zo a ɗebi jininki."

Sakamakon ya nuna kitsen jininta, wanda likitoci ke kira kolesterol, ya haura nesa da ƙa'ida.

"Kitse? Ni?" Mardiyya ta ɗaga siraran hannuwanta. "A ina yake ɓoye?"

"Cikin jijiya. Naki na gado ne, hantarki ba ta kwashe shi daga jini yadda ya kamata. Yana taruwa a hankali, ba ciwo ba alama, har ranar da zai toshe hanyar zuciya."

Ashe abin da ya kayar da Baba yana da suna...

Sai tambayoyi suka ɓalle wa Mardiyya. Me za ta ci? Me za ta bari? Ana warkewa? Félicité ta amsa har ta gaji. A rage man shanu, kitse, manja da soye-soye. A riƙe wake, gero, kuɓewa, kifi da kwaɗon zogale. A yi tafiya da sauri kullum har gumi ya fito. Sannan ƙwaya ɗaya kowace yamma, mai suna statin, don irin nata abinci kaɗai ba ya saukar da shi.

Ta fara duka. Abu ɗaya ta kasa: gaya wa Umaru. Kullum sai ta ce gobe, in ta ƙara fahimtar abin da kanta.

* * *

Bayan zuwan Inna, wayar Umaru ta daina shigowa.

Sai ga saƙo daga Dumega, wai a dakata da maganar biki.

Mama ta zauna bakin murhu tana sharar hawaye. "Don cokalin mai, Mardiyya! Da kin haɗiye shi mi zai same ki?"

Da la'asar sai ga ƙarar babur a ƙofar gida. Umaru ne, da rigar aikinsa ta malamin dabbobi, ko wanka bai tsaya yi ba. Ta same shi a zaure. Yau babu "sheri", babu "hasken idona". Waya kawai ya miƙo mata.

Hoton kwalin maganinta ne. An matso da shi daidai kan wata alama: mace mai ciki cikin jan da'ira, an ja layi an soke ta.

"Ajuma ta nuna wa Inna," ya ce. "Ta nuna wa kawu, ta nuna wa duk rugar. Ta ce maganin hana haihuwa kike sha tun kafin ki shigo. Mardiyya... mene ne wannan?"

"Kai ma ka yarda?"

"Da na yarda da ban zo ba! Na karanta sunan, ba irin wanda na sani ba ne. Amma ban gane ba, kuma rashin ganewar na cin raina. Ba ki da lafiya?"

Ta zauna bisa dakali. Ta gaya masa komai, tun daga tabon ido har tsamiyar Baba.

Da ta gama, sai ya durƙusa gabanta ya leƙa fuskarta.

"Rufe idon in gani."

Ta rufe.

"Ikon Allah! Ni na ɗauka ado ne... Yana miki ciwo?"

"A'a."

"Ƙwayar fa?"

"Félicité ta ce wasu tana sa su ciwon gaɓoɓi, in na ji in gaya mata. Ni ban ji komai ba."

"To shi ya sa kike fita da sassafe kina zagaye dutse kamar wadda aka aika! Na zaci wani kike zuwa gani."

Dariya ta kuɓuce mata cikin kuka.

"Me ya sa kika ɓoye mini, rabin raina?"

"Tsoro. Wa zai so matar da za ta sha magani har ƙarshen ranta?"

"Ni." Ya faɗa ba tare da ya ɗauke ido ba. "Amma wannan matar da aka soke a kwali, ita ce Inna ta gani. Ni ma ina son in san ma'anarta."

"Kawo Inna wurin Félicité. Ta yi tambaya da bakinta."

"Inna? Asibiti? Ko haihuwata a bukka ta yi."

"Ka ce mata an sami kitse a jikina."

Ya dube ta sama da ƙasa, ya fashe da dariya.

* * *

Hakan kuwa aka yi. Inna ta ce ƙarya ne. Ta kwana tana cewa ƙarya ne. Ranar kasuwa ta ɗaura zanenta ta shiga mota, ta ce ita da ta tsufa tana raba mai da nono sai ta ga inda wannan tsinken yarinya ta ajiye nata. Ajuma ta biyo ta, wai rakiya.

A ofishin Félicité, Inna ta ƙi kujera, ta zauna a tabarmar da aka shimfiɗa mata.

"Nuna mini shi," ta ce.

"Ba a ganinsa da ido, Inna. Na'ura ke aunawa."

Inna ta taɓe baki. "To mi yake yi cikin jinin?"

"Yana liƙewa a jikin jijiya, hanyar na ƙara tsukewa."

Inna ta ɗan karkata kai. "Kamar wuyan goran da nake kaɗa nono? In sanyi ya yi, mai ya daskare ciki, sai nonon ya riƙa fita da ƙyar?"

"Haka nan ne, Inna! Sai dai wannan goran zuciya yake shayarwa."

"Uhm." Inna ta gyara zama. "Ajuma, kawo hoton."

Ajuma ta miƙa waya da sauri. "Ga shi, likita. Ko makaho ya san mi wanga ke nuhi."

Félicité ta duba. "Ma'anarsa mai ciki kada ta sha. Ba ya hana ɗaukar ciki ko kaɗan. In sun yi aure suna son haihuwa, za ta zo in tsayar da ƙwayar tukuna. Ta yi goyon ciki, ta shayar, sannan ta koma sha. A tsakani mu riƙe ta da abinci da tafiya, ina duba ta."

Inna ta juya ta kalli Ajuma. Kallo ɗaya. Ajuma ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi.

"Saura ɗaya," in ji Inna. "Kin ce gado ne. Jikokina fa?"

Mardiyya ta dubi ƙawarta, ta san ba za ta yi ƙarya ba.

"Wani zai iya gada, wani ba zai gada ba," Félicité ta ce. "Za mu auna su tun suna yara. Wanda aka gano da wuri, aka kula da shi, yana iya tsufa kamar kowa."

Inna ta zuba wa Mardiyya ido.

Umaru, da ke tsaye bakin ƙofa, ya fara share gumi.

"Inna," Mardiyya ta ce a hankali, idonta a ƙasa. "Babana bai san yana da shi ba. Ba wanda ya gaya masa ya bar komai. Ni an gaya mini. Ban ƙi manki don raini ba, wallahi ƙamshinsa har cikin raina na ji shi. Ina son in daɗe ne... in daɗe tare da ɗanki."

Kunya ta kama ta da jin abin da ya fito bakinta, ta rufe fuska da mayafi.

Inna ta juya ta fuskanci likita.

"Nono fa? Shi ma an hana ta?"

"In an kaɗa an cire man, ta sha da furarta."

"Nama?"

"Marar kitse, kaɗan, gasasshe ko dafaffe."

"Tahiyar, kullum ne?"

"Kullum."

Inna ta miƙe. Kowa ya zaci fita za ta yi. Sai ta naɗe hannun rigarta ta miƙa wa Félicité damtse.

"Ɗebi nawa. Tun ina yarinya nake shan mai, ina son in ji mi na'urar taku za ta ce."

Nata ya fito lafiya lau, abin da ta riƙa ba matan ruga labari a bakin rijiya har suka haddace. Amma ranar ba ta ce komai game da biki ba. Ta shiga mota ta koma Dumega.

Mardiyya ta shiga jira. Ta je makaranta, ta zagaya dutse, ta sha ƙwayarta, ta duba waya. Umaru ya ce shi ma bai san inda Inna ta dosa ba, tambayoyi kawai take yi masa: wake wane iri? Zogale ɗanye ko dafaffe?

Ranar Juma'a kawun Umaru da kansa, uban Ajuma, ya yi sallama a ƙofar gida da goro. An sa rana bayan girbi.

* * *

Ranar kai amarya, mota ta kawo su Dumega, daga nan aka ɗora Mardiyya a amalanken shanu, don hanyar rugar yashi ce. Ƙawaye na guɗa, Félicité na gefenta tana riƙe mata mayafi.

Rugar ta fara bayyana daga nesa ke nan sai ga Inna tsaye tsakiyar hanya, ta ɗaga hannu.

"Tsaya! Ku sauko da ita."

Guɗa ta yanke.

"Lafiya, Inna?" wata gwaggo ta tambaya. "Amarya ce fa!"

"Na sani. Tun safe take zaune, an yi mata lalle zaune, an kawo ta mota zaune. Yau ba ta yi tahiyarta ba." Ta miƙo hannu. "Sauko, ɗiyata. Ba a gidana za ki fara fashi ba."

Mardiyya ta sauko, dariya da hawaye suna gardama a fuskarta. Inna ta kama hannunta ta ja, da saurin matar da ta saba bin garke. Ƙawaye suka tattare zannuwa suka bi su, tsofaffi na haki suna mita, mai amalanke na biye da su ba kowa a ciki.

Can bakin ruga Umaru na tsaye cikin abokansa, baki buɗe.

Inna ta wuce ta gabansa da amaryar, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Kai kuma," ta ce, "gobe da sassafe kai za ka raka ta. Ni ƙafafuna sun tsufa."