Jan Fenti a Kan Kaskon Umma

Ƙafar kasko ce ta karye, ba don haka ba da Auta ba ta taɓa taka layin masu walda ba. Kaskon shimfiɗaɗɗen ƙarfe ne mai faɗin tebur, da murhun gas a ƙarƙashinsa. A kansa ita da Ummanta suke soya ƙwai da albasa da nama, su cusa a burodi, su sayar wa ma'aikatan kamfanin sabulu a bakin ƙofa. Dare da rana a waje yake, ƙarƙashin wata rumfa da ta fi ba da inuwa a kan tare ruwa.

A shago na uku ta tarar da wani saurayi durƙushe, fuskarsa rufe da baƙar hular walda. Ya kashe wuta, ya ɗage hular, ya dube ta. Ba wani kyakkyawa ba ne, amma yana da irin idon da ke sauraro. Ta faɗa masa abin da ya kawo ta, ya ɗauki kayansa ya biyo ta.

Minti goma ya liƙe ƙafar. Maimakon ya tafi, sai ya tsaya yana shafa fuskar kaskon, inda tsatsa ta yi ja a kusurwoyi.

"Wa ke wanke wannan?"

"Ni ce."

"Da me?"

"Da ruwa da sabulu da soson ƙarfe, har sai ya yi fari. Ku da me kuke wanke abu a gidanku?"

"Allah sarki," ya ce da kaskon. "Me ka yi mata?"

Ya bayyana mata cewa ƙarfe in an goge shi ya yi fari, tsirara aka yi masa, raɓar safiya kaɗai ta isa ta cinye shi. Rigarsa ita ce man da aka ƙona a kansa har ya zama baƙi. Ta ce ita walda ta biya, ba karatu ba. Ya nemi lambarta, wai ko ƙafar za ta sake motsi. Ƙafar ba ta sake motsi ba, amma saƙo bai fasa zuwa kullum da la'asar ba.

"Autar Umma, kin tashi? Ki kankare, ki goge, ki busar da shi a kan wuta. Mai cokali ɗaya, ki shafa ko'ina, sannan ki goge kamar kuskure kika yi kika zuba."

Ta amsa: "Na zuba ludayi guda. A gidanmu ba a san mu da rowa ba."

Washegari kaskon ya wayi gari yana danƙo, ƙwai ya manne kamar an ɗinke shi.

"Tartsatsi, ka cuce ni. Sai da na yi ta ba mutane haƙuri."

"Zumata, cokali na ce. Amma na karɓi laifin. Zan zo in ci wanda ya manne."

Ya zo, ya ci, ya ce bai taɓa cin ƙwai mai daɗinsa ba. Wannan ce ƙarya ta farko da ya yi mata, kuma aure da yawa an gina shi a kan wadda ta fi ta muni.

Umma tana gani, tana yanka albasa. Ranar da Auta ta gaya mata yana so ya turo magabatansa, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ba mai walda ba."

"Umma, ba ki ma san halinsa ba."

"Na san ƙarshensa. Shekara bakwai ina jan babanku da hannu har bakin banɗaki, bayan walda ta cinye masa ido. Mutumin da ya ƙera wannan kasko da idonsa ya mutu bai san kamannin autarsa da ta girma ba. Na yi nawa. Ke ba za ki yi ba."

Auta ma ta tuna hannun mahaifinta yana lalubar fuskarta. Ta tuna kuma abokan sana'arsa da suka cika gidan ranar rasuwa, kowa yana cewa a kira shi in da buƙata. Akasarinsu wayarsu ta daina shiga kafin wata ya ƙare.

Umma tana da nata ɗan takarar. Mai fentin motoci ne, yana da gareji mai ƙofa biyu da takalmi mai tsini, yana durƙusawa har ƙasa in zai gaishe ta, bayan ya duba ƙasar. A ganinta fenti bai taɓa makantar da kowa ba.

Auta ta rubuta wa mai walda: "Kada ka zo rumfa kwana biyu. Zan yi maka bayani." Ba ta yi ba. Ta rubuta ta goge ya fi sau goma. Yaya ake gaya wa mutum an ƙi shi ne saboda wata makanta da ba ta same shi ba tukuna?

Damina ta sauka. Umma ta dawo da wanke kasko da sabulu, don ba ta son komai na mai walda a rumfarta, har da shawara. Da yamma takan lulluɓe kaskon da leda, ta danne da duwatsu. Ledar ta riƙe gumi a ciki, tsatsa ta bazu kamar ƙyasbi. Wani ma'aikaci ya ɗaga burodinsa ya nuna jan tabo, ya tambaya ko sabon yaji ne.

Mai fenti yana wurin. Ya ce, "Umma, ki bar mini. Tsatsa ai abokiyar gabata ce, kullum da ita nake faɗa."

Ranar da kamfani yake hutu, Auta ta tafi gidan yayarta. Da yamma saƙon mai walda ya shigo mata.

"Na wuce ta rumfa. Na ga an samu mai kula da kasko. Da kin faɗa mini da bakinki da ya fi. Allah ya sanya alheri."

Ta kira sau huɗu bai ɗauka ba. Sai da safe ta gane. Kaskon yana nan ja jawur, yana sheƙi kamar sabuwar mota, an bi shi da fentin hana tsatsa hawa biyu. Umma tana tsaye tana kallonsa da alfahari.

"Umma, kada ki kunna."

"Kishi kike taya wancan?"

Ta kunna. Ba a yi minti uku ba fentin ya fara kumbura yana fashewa, hayaƙi mai ɗaci ya turnuƙe rumfar. Mutanen da suka yi layi suka watse suna tari. Mai gadin kamfani, wanda shekara goma a nan yake karyawa, ya toshe hanci da hularsa ya ce, "Baiwar Allah, mota kike soyawa yau?"

Aka kira mai fenti. Ya tsaya daga nesa saboda takalminsa. "Ni dai alkawarin da na yi, ba zai yi tsatsa ba," in ji shi. "Kuma ai bai yi ba."

Umma ta zauna a kan benci, ta daɗe tana kallon abin da mijinta ya bari. Sannan ta ce, "Kira shi."

"Wa?"

"Kada ki sa in faɗa."

Auta ta rubuta: "Ba da sanina aka yi ba, ba na nan. Umma ce ke kiranka. Ni kuwa tun jiya nake kiranka, Tartsatsi, kai ne ka yi kunnen ƙashi."

Kafin rabin awa ya iso da injin gurzar ƙarfe ɗaure a bayan babur. Ya gaida Umma, ta amsa a gajarce. Ya sa tabarau, ya rufe hanci, ya gurje fentin da tsatsar da ke ƙarƙashinsa har ƙarfe ya fito fari, bai bar ko ɗigon ja a lungu ba. Ya wanke sau ɗaya, ya kunna wuta har danshi ya tashi. Sannan ya miƙa wa Auta cokali.

"Ɗaya," ya ce.

"Na ji, malam."

Ta zuba, ya naɗe tsumma ya shafa har gefe da baya, ya goge, suka jira hayaƙin mai ya tashi ya mutu. Suka sake. Sau shida suka yi, rana tana juyawa. Ƙarfen ya tashi daga fari ya koma ruwan ƙasa, daga nan ya yi baƙi mai santsi. A tsakani ya ce a daina danne shi da leda, zai yi masa murfin kwano mai barin iska ta ratsa, ya ɗan karkata shi don ruwa ya riƙa gangarewa. A tsakani kuma, da murya ƙasa, Auta ta gaya masa maganar mahaifinta. Hannunsa ya ɗan tsaya, sannan ya ci gaba da shafawa.

Da kaskon ya huce, Umma ta taso ta ɗora tafinta a kai.

"Haka yake lokacin babanku," ta ce. "Bayan idonsa ya tafi, kullum da yamma sai ya ce a kawo shi nan, ya zauna yana shafa shi da tsumma. Na ɗauka zaman banza ne ya ishe shi. Har faɗa na yi masa kan ɓarnar mai." Ta janye hannun. "Bai taɓa gaya mini ba. Shi ma dai bai iya magana ba."

Ta juya ga mai walda. "Wannan hular da ke rataye a babur, kawo ta."

Ya kawo. Ta kifa a fuskarta, ta juya dama da hagu. Muryarta ta fito daga ciki. "Ba na ganin komai."

"Sai wutar kawai ake gani, Umma."

"Kullum kake sawa?"

"Ko ɗigo ɗaya zan yi."

"Shi babanta runtse ido yake yi. Wai hula ta matsorata ce." Ta cire, ta miƙa masa. "Kai matsoraci ne?"

"Sosai, Umma."

"To ka turo manyanka."

An ɗaura auren bayan damina. Ma'aikatan kamfani sun zo da yawa, wasu don Allah, wasu don abinci. Mai fenti bai zo ba, amma ya aiko da gaisuwa. Auta ta yi kukan da amare ke yi, ta kuma yi wani na daban da babu wanda ya tambaye ta dalilinsa.

Da za su tafi, suka durƙusa gaban Umma. Ta dafa kan 'yarta ta daɗe tana addu'a, Allah ya zaunar da su lafiya, ya ba su zuri'a mai albarka, ya raba su da ciwon da ba a faɗa. Sannan ta kama haɓar angon ta juya fuskarsa wajen amaryar.

"Dube ta da kyau," ta ce. "Yau kowa ma ya ga kyanta, ba abin yabo ba ne. Ni so nake ka ga furfurarta da idonka, ka zo ka ba ni labari in ina raye."