Ranar da Aaron Ya Yar da Garma

Mama Gladys na tsakar gida tana dama kunun 'yan golmo, tana mita da hayaƙi, sai ga Aaron ya shigo da garma a kafaɗa, fuskar nan ba annuri. Golmo dai noman da saurayi ke yi wa surukansa ne, shi da abokansa, kafin a ba shi mata. Gidaje da yawa a Zuru sun sassauta shi, amma ban da gidan Baba Philemon, tsohon soja, wanda ko gaisuwa zai yi maka sai ka ɗauka fareti ake.

'Yarsa Saloma tana karatu a ƙasar Hungary, ba ta daɗe da komawa ba bayan hutun damina. Aaron kuwa son ta yake har cikin ransa, shi ya sa garmar nan ba ta taɓa yi masa nauyi ba.

Ya durƙusa ya gaida Baba Philemon da matarsa Mama Gladys, ya ce, "Baba, muryar Saloma ba ta yi mini daɗi ba. Ta ce jikinta da zafi."

"Zazzaɓi!" in ji Baba, yana ɗaura takalmi. "Wa bai yi zazzaɓi ba a garin nan? Ɗiyar soja ce, ta sha fanadol. Mu je gona."

Rana ta ɗaga, samari na huɗa suna waƙa, sai saƙon murya ya shigo wayar Aaron. Saloma ce, haƙoranta na kaɗawa, tana sambatu, tana kiran kakarta da ta daɗe da rasuwa. Ya danna kira, netiwok ya ɗauke. Ya yar da garmar a tsakiyar aiki.

"Kai! Ina za ka?" Baba ya daka masa tsawa.

"Kan dutse, Baba, can ne ake samun sabis. Saloma ba ta cikin hayyacinta!"

"Ranar golmo? A gaban mutane? In ka bar gonar nan, ka bar ɗiyata ke nan!"

Waƙa ta tsaya cak. Aaron ya dubi tsohon, idanunsa sun kawo ruwa. Ya san Baba ba ya magana biyu.

"Ka gafarce ni, Baba. Gara in rasa ta tana da rai."

Ya haye babur ya tafi.

A kan dutse ya samu Khairunnisa a waya, wata 'yar Birnin Kebbi da ɗakinta ke kusa da na Saloma a can Hungary.

"Wallahi mun je kilinik," in ji ta. "Likita ya ce mura ce, ga sanyi ya shigo. Kemis ɗinsu kuma ba su ba ka komi sai da takardar likita."

"Wace irin mura? Ranar da na raka ta tasha, sauro kamar zai ɗauke mu!"

Khairunnisa ta ce, "Innalillahi! Ba mu hwaɗa mishi ta je gida ba!"

Ai kuwa nan gizo ke saƙar. A Zuru wa zai tsaya yana gaya wa likita sauro ya cije shi? Can kuwa, in ba ka faɗi inda ka fito ba, ba wanda zai kawo maleriya a ransa. Nan take Khairunnisa ta kira motar asibiti, ta riƙa nanata musu daga Najeriya mara lafiyar ta dawo, sai da aka ɗibi jininta, aka ga maleriya ce.

Aaron ya sauko ya kai labari, Baba ya hana shi ƙetare ƙofa. Bai yi musu ba. Kullum ya haɗu da tsohon a hanyar coci sai ya durƙusa, tsohon ya kau da kai. Mama Gladys ta yi kuka har ta gaji. Mahaifiyar Aaron ta ce ya haƙura, mata ba su ƙare ba, ya ce shi dai tasa ɗaya ce.

Da Saloma ta farfaɗo ta kira gida ta bidiyo. Ta rame, ga robar ƙarin ruwa a hannu.

"Baba, likita ya ce da an ƙara jinkiri da ciwon ya taɓa ƙwaƙwalwata. Ina Aaron? Ku ba shi wayar in gan shi mana."

Mama ta dubi mijinta. Baba ya miƙa mata wayar ya shige ɗaki.

Washegari da sassafe Aaron ya isa gonar mahaifinsa, ya tarar da wani tsoho ya duƙa yana huɗa, gumi ya jiƙe masa riga. Ashe Baba Philemon ne.

"Baba! Don Allah kawo garmar nan! Ina aka taɓa ganin suruki yana yi wa saurayi golmo?"

"Yau an gani," in ji Baba, bai ko ɗago ba. "Ni gona na tsare, kai ka tsare mini ɗiya. Matsa, ɗana, kana taka mini dawa."

Aaron ya juya baya yana share hawaye, ga dariya na neman ƙwace masa.

Da Saloma ta dawo hutu na gaba aka ɗaura aurensu, Khairunnisa ce babbar ƙawa. Al'ada abin girmamawa ce, amma don mutum aka yi ta. Wanda ya fifita ranka a kan samun ka, ya kuma jure fushin manya bai ɗaga murya ba, shi ne masoyin gaskiya.