Ba Sai Janairu Ba

"Ki bari Janairu ta kama, Nabila. Wallahi wannan karon da gaske nake..."

Nabila ba ta ɗago ba. Kayan Jamilatu take ninkewa tana cusawa a jaka. Ɗiyarsu ce 'yar shekara huɗu, jiya aka sallamo ta daga asibiti bayan asma ta kusa tafiya da ita. A gabansu likita ya ce yarinyar nan ba za ta iya zama ɗaki ɗaya da hayaƙin taba ba.

"Janairu nawa munka gani tare, Abban Jamila?" ta tambaya a hankali. "Bara haka ka ce. Da ta wuce ka ce sai azumi. Yanzu Oktoba muke."

"Haba Nabilata! Kin san ina son ku..."

"Na sani. Shi ya sa abin ke yi min ciwo. Amma ƙirjin ɗiyarka ba ya duba kalanda."

Mijinta Abdulshakur ya bi ta da kallo. Yana tsaye ta goya yarinyar, ta bar Unguwar Rogo zuwa gidansu a Ƙofar Taramniya.

Mahaifinta, Baba Arzika, tsohon manomin shinkafa ne da ba ya maimaita magana. Ya saurare ta har ƙarshe, ya dubi jikarsa tana numfashi da ƙyar.

"Ba ki komawa gidan ga," ya ce. "Na gama."

Ita ta kawo kanta, amma jin hukuncin daga bakin Baba sai da ya tsinka mata zuciya. Abdulshakur bai taɓa ɗaga mata murya ba. Daga garejin gyaran babura yake dawowa a gajiye, ya karɓi wankin hannunta yana mata waƙa. Taba ce kawai ta fi ƙarfinsa. Kullum sai ta ɗauki waya za ta kira shi, sai ta tuna idon Jamilatu a gadon asibiti, ta ajiye.

Wata ranar Asabar maƙwabciyarta Janet, matar Joshua kafinta, ta kawo mata ziyara.

"Maman Jamila, mijinki fa ya ba mu mamaki! Washegarin tafiyarki ya shigo shagon Joshua, ya aje kwalin taba da ashana a kan benci, ya ce, 'Yaya ka yi ka bar giya?'"

"Me Joshua ya ce?"

"Ya ce masa shi bai jira Kirsimeti ba, bai jira sabuwar shekara ba. Ranar wata Laraba ce kawai ya ga ya isa. To tun ranar suke tare. Mijinki ya daina zama teburin mai shayi inda abokansa ke busawa. Labulenku ya wanke, katifa ya shanya, har fenti ya sake wa ɗakin!"

Nabila ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a cinyarta.

"Bai kira ni ba, Janet..."

"Ya ce kin ji bakinsa ya ishe ki."

Sai da makonni suka shuɗe Abdulshakur ya yi sallama a zauren Baba. Nabila ta laɓe a bayan ƙofa. Ya rame, idonsa ya faɗa.

"Baba, ban zo da alkawari ba. Na yi su da yawa. Na zo in gaya maka na bari tun ranar da sunka taho. Sai dai sau ɗaya na kasa. Wani ya zage ni a gareji, na kunna, na zuƙa, na taka ta da ƙafa na tafi wurin Joshua."

Baba ya dube shi.

"Mi ya sa ka faɗa mani wannan? Da ka yi shiru wa zai sani?"

"Ni zan sani, Baba."

Tsohon ya gyara zama, ya ɗaga murya. "Ke Nabila, fito. Na ga ƙafarki tun ɗazu. Na ce ba ki komawa, to na janye. Sauran magana taku ce."

Ta fito ta durƙusa, ta kasa haɗa ido da mijinta.

"Zan koma, Baba. Amma Abban Jamila, ranar da sha'awar taba ta taso maka, ni za ka fara gaya wa. Kada ka ɓoye min."

"Ba zan ɓoye ba, masoyiyata..." Ya tuna a gaban wa yake, ya yi saurin rufe baki. Baba ya kau da kai yana tari na ƙarya.

Sai ga Jamilatu da gudu daga cikin gida.

"Abba! Abba!"

Ta faɗa jikinsa, ta cusa fuska a rigarsa. Nabila ta riƙe numfashi tana jiran tarin nan da ta saba ji. Bai zo ba. Yarinyar ta ɗago tana dariya.

"Abba, kana ƙamshin sabulu!"

Abdulshakur ya rungume ta, kafaɗunsa na girgiza, ya fashe da kuka a gaban surukinsa.